Baƙin Layi a Wuyan Zane-zanen Bukar

A wannan wata na Sha'aban ƙanena Bukar ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ranar da aka fita da shi daga gidanmu na unguwar Bolewa ana tsakiyar zafin bazara, ga shi yanzu watan ya zagayo ya same mu da rigunan sanyi. Ni iyakata bakin zaure, nan na tsaya ina kallon makara har ta sha kwana. Direbobin manyan motocin da suka cika layinmu a ranar sun san shi da Bukar Fenti. Mahaifiyarmu, Iya, ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Ni kuwa yayarsa Hajara, da na goya shi ya jiƙa mini baya ba sau ɗaya ba, Bukar kawai nake ce masa, in ya ɓata mini rai in ƙara da "mai ƙazamin farce".

Ban ɗauki alƙalami don in ce muku waliyyi muka rasa ba. Bukar mutum ne mai taurin kai, ba ya zuwa biki sai an watse, in ka aike shi gabas sai ka tsinto shi yamma yana kallon yadda rana ta faɗa a jikin bango. Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne ya bar mini wani abu a ɗaki da na rasa yadda zan yi da shi, kuma bana abin ya kai ni bango. Ban da wanda zan kai wa ƙara, shi ya sa na kawo muku.

Duk wanda ya san Potiskum ya san garin motoci ne. Tirelolin da ke ɗibar dabbobi daga Kasuwar Shanu zuwa Kudu, da yawansu a nan ake ƙera musu bodi, kuma mota ba ta hawa hanya sai an yi mata ado. Rumfar Bukar tana nan gefen masu ƙera bodi, rumfar kwano ce mai warin fenti da kananzir. In ka taɓa bin bayan wata tirela a hanyar Kano ka ga zaki yana hararanka kamar ka zagi ubansa, to akwai alamar hannun ƙanena ne. Yana zana mikiya, yana zana dawisu da doki, ya rubuta wa mai mota duk kalmar da yake so a bi shi da ita a baya.

Akwai wata al'ada a sana'ar tasu da dole in yi muku bayaninta, don ita ce tushen maganar. Alhazai da yawa suna son zakin, amma suna tsoron abin da malamai ke faɗa a kan zanen abu mai rai. Sai aka samo mafita. In mai fenti ya gama aikinsa, sai ya ɗauki siririn burushi ya ja baƙin layi a wuyan dabbar, ya raba kai da gangar jiki. Daga nan an ɗauka ta tashi daga sahun masu rai, Alhaji ya samu zakinsa, ya kuma samu barcinsa. Masu sana'ar suna ce wa wannan yanka. Sai ka ji yaron mota ya leƙo yana cewa, "Alhaji ya ce a yanka zakin kafin a yi lodi." Bukar ya tsani wannan aiki. Sau da yawa yakan mai da layin ya zama sarƙa ko igiyar laya, mai mota ya duba ya ga baƙi a wuya, ya yi gaba abinsa. Wata rana ya ce mini, "Yaya, yini guda ina fama idon dabbar nan ya kalle ni, yana kallona kuma sai a ce in yanka shi." Na ce masa ya iya bakinsa, Potiskum ba ta da faɗi.

Zakuna da dawisu su ne abincinsa. Abin da yake yi don kansa yana cikin wani ɗan ɗaki a bayan rumfar, kuma ni ma ba da son ransa na gani ba. Ni ungozoma ce, na yi shekaru a ɗakin haihuwa. Ya ari tsohon littafina na makarantar jinya, wanda aka zana ƙashi da tsoka a ciki, ya dawo mini da shi duk shafi da tambarin yatsunsa. Sannan na ji labarin yana sammako wurin mahauta yana tsayawa a kansu suna fiɗa. Su a zatonsu kayan ciki mai arha yake jira, ashe yadda nama yake kwanciya a kan ƙashi yake kallo. Da abin ya ishe ni sai na biya rumfar ranar wata Laraba, na tura ƙofar ɗakin ban yi sallama ba.

Mutane ne, a jikin ragowar katakon da masu ƙera bodi ke yarwa. Na farkon da idona ya faɗa a kai mace ce da namiji a katifa ɗaya, sun ba juna baya, ba komai a jikinsu sai zanen rufa da ya zame ya tsaya a ƙugu. Fuskar kowannensu shuɗin hasken waya ya wanke ta. Hannun macen ya miƙo ta baya, saura kaɗan ya taɓa cinyar mijin, amma bai kai ba. A wani allon, mace ta yi wanka ta yi lalle, jigida a ƙugunta, tana zaune a bakin gado tana jira, mijin kuma ya duƙa tsirara a kan wayarsa har hasken ya cinye masa fuska. A wani kuma budurwa ce ta ɗaga waya tana ɗaukar hoton ƙirjinta, duk jikinta an zana shi da kulawa har tabon allurar rigakafi a dantse, amma inda ya kamata ido da baki su kasance babu komai.

Jikin mutum ba ya razana ni, na gan shi a kowane hali. Duk da haka na ji kunya ranar, irin kunyar wanda ya ɗaga labulen ɗakin da ba nasa ba. Na tambaye shi ko matarsa Falmata ce a katifar nan. Ya ci gaba da wanke burushinsa a gwangwanin kananzir ya ce, "Kowa ce, Yaya. Ki tambayi matan da ke zuwa awo wurinki." Na ce masa in garin nan ya ga wannan, ɗan kuka zai zama, ya ja wa Iya jifa. Dariya ya yi, ya ce ai shi ya sa ɗakin yake da kwado. Abin da ke tsakaninsa da Falmata ban taɓa tonawa ba. Ban taɓa jin sun ɗaga murya ba, ban kuma taɓa jin suna dariya tare ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yau tana gidan wani mijin a wani gari da 'ya'yanta, Allah ya ba ta zaman lafiya.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Ƙafa ta fara kumbura, sai fuska, sai muka shiga zirga-zirgar Kano ana ɗora shi a injin wanke jini. Direbobin da ya yi wa zakuna su suka riƙa ɗaukarmu a gidan gaba ba su karɓi ko sisi ba. Tsakanin tafiya da tafiya, in ya ɗan samu ƙarfi, sai ya sulale ya tafi ɗakin nan nasa. Na yi faɗa, na ce warin fenti ba zai ƙare shi da komai ba, ya ce shi ma zaman gida bai ƙare shi da komai ba. Ni da nake cikin asibiti kullum, na san inda abin ya dosa tun da wuri, kuma sanin bai amfana mana komai ba. Haka muka zuba ido har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai ƙanen Iya, Kawu Modu, ya je rumfar ya tattara kayan aiki don rabon gado. Da aka fasa kwadon ɗakin baya, an ce da salati ya fito. Nan take ya sa aka fara fitar da allunan ana cinna musu wuta a bayan rumfar, kuma fentin mai a jikin busasshen katako ba ya jiran a roƙe shi. Wani mai walda ne ya kira ni. Na baro aiki da farar rigata na faɗa keke napep, na iske wuta ta cinye fiye da rabi. Ni ba a san ni da raina manya ba, amma ranar sai da masu ƙera bodi suka ajiye guduma suna kallona. Na kwashe abin da ya rage na lulluɓe da tabarma. Ina ɗorawa a keke Kawu ya ce, "Hajara, ki sani wuta kike ƙara wa ɗan'uwanki." Ban riƙe shi a zuciya ba, ko a lokacin ko yanzu. Shi ya biya kuɗin makarantar Bukar, kuma da hawaye yake ƙona allunan nan, yana ganin ceto yake yi. Sai dai maganar tasa ta riga ni isa kunnen Iya.

Iya ita ce mai wanke gawar mata a layinmu tun ina yarinya. Da ta fita takaba ta zuciya, don uwa ba ta da takabar ɗa sai wadda ta ɗora wa kanta, sai ta zo gidana ta ce in nuna mata. Na yi ta kame-kame, ta ce ba ta zo hira ba. Na jingina mata allon katifar nan. Na zaci za ta rufe ido, ba ta rufe ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna bayan macen ta ce, "Haka bayan mace yake in ta gaji." Tsiraicin bai dame ta ba ko kaɗan. Abin da ya hana ta barci shi ne abin da ta sha ji a wa'azi, cewa mai zana abu mai rai za a tsayar da shi gobe kiyama a ce ya hura masa rai, ga shi ba zai iya ba. Ta ce duk daren duniya tana ganin Auta a tsaye gaban mutanen nan nasa, yana hurawa, yana hurawa, numfashinsa na ƙarewa.

Na bi malamai. Wani ya ce a ƙone, shi ne mafi tsira. Wani ya ce in aka raba kai da jiki hukuncin ya sauka. Wani dattijo ya ce mu yawaita masa addu'a da sadaka, rahamar Allah ta fi laifin bawa faɗi. Ni ba malama ba ce, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, don haka ba zan ce muku ga mai gaskiya ba. Abin da na sani shi ne Iya ta ƙi ƙonawa. Ta ce hannunsa ne, ba ta da sauran abin da hannunsa ya taɓa sai wannan. Ta kuma kasa bari. Sai ta tuna da yankan da ta sha ji yana ƙorafi a kai, ta ce in nemo mata siririn burushinsa da gwangwanin baƙin fenti.

Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ita ta durƙusa gaban allon nan ta yi bisimilla. Layin ya fito da kauri, a karkace, fentin ya zubo ya bi gadon bayan macen har ƙugu. Ta koma ta yi wa namijin. Da ta gama ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka, ni ma ina yi, sai dai ba abu ɗaya muke yi wa kukan ba. Ita tana kukan ta sauke wa ɗanta kaya, ni ina kukan abin da aka ɓata wanda ba mai iya gyarawa a duniyar nan. Washegari ta aiko a gaya mini ta yi barci.

Tun daga nan abin ya zama al'adarmu ta Sha'aban. Ta soya ƙosai a raba wa yaran unguwa sadaka, sannan ta yafa mayafi ta taho gidana da hantsi, a fito mata da allo ɗaya. In ta yi mummunan mafarki a tsakiyar shekara takan zo ba ta jira watan ba. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta yi su gaba ɗaya ta huta ba, ta ce zuciya ɗaya gare ta. Na kuma taɓa kawo mata dabarar Bukar, na ce ta bari in samo mai fenti ya mai da layin sarƙar wuya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Auta ya yi wa alhazai wayo. Ni ba zan yi wa Allah ba." Ban sake tayar da maganar ba.

Nakan tambayi kaina me Bukar zai ce da ya leƙo ya ga Potiskum ta yau. Rumfarsa tana nan, amma yanzu wurin cajin waya ce, an jera soket a jikin bangon da yake gwada launi. Masu motoci sun koma sitika, ana bugo zakin daga inji a manna, duk zakunan garin fuskarsu ɗaya. A ɗakin haihuwa kuwa, abin da ya ce in tambayi masu zuwa awo ba sai na tambaya ba, da kansa yake zuwa. Mace za ta gama awo ta tsaya tana murza bakin mayafi, in kowa ya fita ta ce, "Sista, tun da cikin nan ya shiga bai ko dube ni ba, wayarsa yake runguma." Wata kuma mijin ne ke biyo ni waje yana cewa in yi mata faɗa, ita ce ba ta ajiye tata. Na ga miji a bakin ƙofa ana ce masa an sauka lafiya, ya ɗauki hoton jaririn ya tura wa duniya kafin ya tambayi yadda uwar take. Kada ku ce na tsame kaina. Ni da maigidana ma akwai ranakun da sai hasken wayarsa ya mutu nake jin muryarsa, ko kuma tawa ta mutu ya ji tawa. Lokacin da Bukar yake zana allunan nan na ɗauka ya cika zuzuta abu. Yanzu ina ganin da sauƙi ya zana mu.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini wani sabon abu. Ka gaya wa waya abin da kake so, kafin ka rufe baki ta zana maka shi, mutum ne ko dabba, da riga ko babu. Yara suna ta yi suna dariya, ba mai wanke burushi, ba mai zuwa wurin mahauta. Na zauna ina tunanin su waɗannan hotuna wa za a tsayar a ce ya hura musu rai. Ban san amsa ba, ban kuma kai wa Iya tambayar ba, don ba na so in ƙara mata wani abin da zai hana ta barci. Na dai san da Bukar yana nan da ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, ya ce hannun macen da aka zana bai yi daidai ba, wanda ya yi shi bai taɓa ganin hannu yana jira ba.

Bara wata malama da ke koyar da zane a jami'a ta zo garin nan jinyar 'yar'uwarta, hira ta kawo hira har na kawo ta gida. Ta tsaya gaban allunan tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta yi yawo wuraren baje kolin zane a manyan birane, kuma wannan hannun ba na wasa ba ne. Ta shafa baƙin layin Iya da yatsa, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya tsira. Na ce saura ɗaya. Ta roƙe ni in bari ta kai shi Abuja mutane su gani, a san an yi wani Bukar a Potiskum. Wallahi raina ya so. Amma na san garinmu. Kafin a rufe wurin baje kolin hoton ya shiga kowace waya a Bolewa, a fara tambayar ina sauran, a fara lissafin bayan wace ce a katifa. Auren Falmata zai girgiza a inda take. Iya kuma, wa zai sake aiko mata ta zo ta wanke masa uwa? Na ba malamar haƙuri. Ba na iya nunawa, ba na iya ƙonawa, ba na kuma iya hana Iya abin da take ganin shi ne ruwan da take miƙa wa ɗanta. Gaba kura, baya siyaki.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya zana ana cikin zirga-zirgar Kano, kuma tun ranar da na kwaso shi fuskarsa na kallon bango a bayan kabad ɗina. Duk shekara nakan fito wa Iya da wani in bar shi. Shi kaɗai ne ya rage yadda Bukar ya ajiye burushi ya bar shi, ba hannun kowa a kai. In aka ja masa layi, to babu sauran wuri a duniya da za a ga aikin ƙanena cikakke.

Ranar Asabar da ta wuce Iya ta raba ƙosanta ta taho. Tafiyar ta yi mata nauyi yanzu, sai da na riƙe ta ta hau dakalin ƙofa. Ta zauna ta huta ta ce, "Fito da shi, Hajara. Na san saura ɗaya, na iya ƙirga 'ya'yan ɗana." Na ce ko za mu bari sai baɗi. Ta ce wa ya ba ta baɗi. Na jawo allon, na goge masa yana, na juyo shi.

Bukar ne da kansa. Yana zaune a ƙasan ɗaki ba riga ba wando, ya haɗa gwiwa ya kare gabansa, ƙafafun a kumbure, haƙarƙari a waje. Igiyar caja ta fito daga cibiyarsa ta tafi ta shige soket a bango. Waya tana gefensa a kife. Duk mutanen da ya zana ba wanda ya ɗago ido, shi kaɗai ne yake kallon mai kallonsa, da idon nan nasa na lokacin da yake yaro in zazzaɓi ya kama shi yana so a ɗauke shi.

Iya ta riga ta tsoma burushi a fenti kafin in juyo allon. Hannunta ya tsaya a sama. Ta ce, "Wayyo Auta, haka ka rame?" kamar ba ita ta yi jinyarsa ba. Ta matsa kusa, ta kai burushin daidai maƙogwaronsa, har ɗigon fenti ya faɗi a kan leda. Ta janye. Ta yi bisimilla ta sake kaiwa, ta sake janyewa. Sannan ta juyo ta miƙo mini ta ce, "Karɓi. Ke kin saba, ke kike yanke cibiya." Na ce, "Iya, cibiya nake yankewa, ba wuya ba." Na ɓoye hannuwana a baya kamar ƙaramar yarinya. Ta ce, "To ya zan yi? In na yanka, ɗana na yanka. In na bari, na bar shi a tsaye yana hurawa." Muka zauna mu uku a ɗakin har aka kira azahar, fentin ya bushe a bakin burushi.

Da za ta tashi sai ta cire mayafinta ta lulluɓe shi tun daga kafaɗa har ƙafa, ta soke gefen a bayan katakon yadda take yi masa in yana jin sanyi. Na ba ta nawa ta yafa. A bakin ƙofa, ina riƙe da ita tana neman takalmi da ƙafa, ta ce, "Ni na kasa, Allah ya gani. Amma in na riga ki tafiya, kada ki bar shi haka. Ki yi mini alkawari." Na buɗe baki in kawo dalili, sai na ga fuskarta. Na ce to.

Shekara bakwai, me ya rage na Bukar? Zakunansa sun kusa ƙarewa a hanya, rana da ruwan Kudu sun cinye su, wasu an shafe an manna sitika. Direbobin da suka san shi suna ta raguwa. Littattafai ba za su ambace shi ba, kuma ku da kuke karanta wannan ba za ku taɓa ganin abin da nake ba ku labari ba, sai dai ku yarda da ni. Abin da ya rage shi ne wasu 'yan alluna masu karkataccen baƙin layi, waɗanda in na dube su yanzu hannu biyu nake gani, na ɗan da ya ga kaɗaicinmu tun kafin mu gan shi, da na uwar da ta ɓata aikinsa don tana sonsa. Sai kuma guda ɗaya a ƙarƙashin mayafi, wanda yake cikakke muddin Iya tana numfashi.

Allah ya jiƙan Bukar, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa in an tsayar da shi rahama ta riga tambaya isa gare shi. Ku taya ni da amin. Ni kuma tun ranar Asabar nake roƙa wa Iya tsawon rai a kowace salla, kuma Allah ya sani ba don ita kaɗai nake roƙon ba.